Kafin A Kashe Kuɗi Kan Gem Ɗin Jarumai Da Tsafi: Tambayoyi Biyar

Duk matashin da ya taɓa kwana yana karanta littattafan yaƙi irin Iliya Ɗan Maiƙarfi ya riga ya san rabin abin da ake kira RPG. Gem ne da mutum yake shiga rigar jarumi guda, ya fara da ƙaramin takobi, ya yi ta yawo garuruwa, yana yaƙar dodanni, yana tara makamai har ya kai ƙarshen labari. Bambancinsa da littafi shi ne mai wasa ne yake yanke shawara, kuma shawarar tana iya canja yadda labarin zai ƙare.

A Rano da Kibiya, yawancin matasa a bidiyon TikTok ko YouTube suke fara ganin irin wannan gem. Hoto ya yi kyau, sai zuciya ta kwaɗaitu. Amma kuɗin da za a saya da shi na iya zama na wanda ya yi wata guda yana aikin gona ko yana zaman shagon caji. Darasin yau zai bi tambayoyi biyar da ya kamata a amsa kafin a danna wurin biya.

1. Shin gem ɗin na waya ne ko na kwamfuta?

Nan ne aka fi yin asara. Manyan gem ɗin da suka fi suna, kamar Skyrim da ya fito a 2011, da The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan a 2015, da Elden Ring na 2022, da Baldur's Gate 3 na 2023, duk an yi su ne don kwamfuta da na'urorin gem irin su PlayStation. Babu ɗayansu da kamfaninsa ya fitar a Play Store.

Don haka duk shafin da ya ce yana da Witcher 3 na Android, ko wanda ya turo fayil a WhatsApp ya ce a biya shi ya buɗe, ƙarya ce. Sau da yawa irin wannan fayil manhajar sata ce. Wayar da ake shiga banki da ita, ko ake sana'ar POS da ita, ba wurin gwada irin wannan ba ne.

2. Na'urar za ta ɗauka?

Kowane gem yana da jerin mafi ƙarancin abin da yake buƙata, kuma ana rubuta shi a shafin sayarwa. Baldur's Gate 3 yana neman RAM mai giga 8 da wurin ajiya giga 150, tare da katin sarrafa hoto na musamman. The Witcher 3 lokacin da ya fito yana neman RAM giga 6. Yawancin kwamfutocin hannu da ake sayowa daga Kano don aikin makaranta ko na shagon buga takardu ba su da wannan katin. Gem ɗin zai iya buɗewa, amma hoto zai riƙa tsayawa har mutum ya gaji.

A waya ma haka ne. Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, yana cin fiye da giga 20 na ma'adana. Wayar da gaba ɗaya ma'adanarta giga 64 ce, kuma hotuna da bidiyon biki sun cinye rabi, ba ta da wurinsa. Abin yi shi ne a shiga saitin waya, a duba RAM da sauran wurin ajiya, a rubuta, sannan a kwatanta da abin da gem ɗin ya nema.

3. Nawa ne ainihin kuɗinsa?

Farashin da ake gani a shafi ba shi ne ƙarshe ba. Baldur's Gate 3 dala 60 ne a kasuwar Steam ta Amurka. A canjin 2025, lokacin da dala ta haura naira 1,400, kuɗin ya wuce naira 84,000, ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da Jihar Kano ta amince da shi a 2024.

Sai kuɗin data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Sauke gem mai giga 100 ko fiye da datar waya wani ciniki ne daban, kuma bayan an sauke akwai sabuntawa da ke zuwa lokaci zuwa lokaci. Sai caji: gem mai nauyi yana zafafa waya yana shanye batir, wanda kuma yake biyan kuɗin caji a shago zai ji a aljihunsa.

Akwai kuma tambaya ko gem ɗin yana aiki ba tare da intanet ba. Genshin Impact ba ya buɗewa sai da intanet. Mai zaune a cikin garin Rano zai iya samun sabis mai kyau, amma wanda yake komawa ƙauye da yamma gem ɗin da ba ya neman data ne zai fi masa amfani.

4. Na kyauta ne da gaske?

Gem ɗin da aka rubuta kyauta sau da yawa shi ya fi cin kuɗi. A Genshin Impact ana biya ne don a ja ƙuri'ar samun jarumi. Damar samun mafi daraja a ja ɗaya kashi 0.6 ne cikin ɗari, kuma sai a ja na 90 ake ba da tabbaci. Mutum yana biya bai san abin da zai fito ba, shi ya sa da yawa suke ganin kamarsa da caca. Ƙasar Beljiyam ta hana irin waɗannan akwatunan sa'a a 2018. A Janairun 2025 kuma kamfanin da ke da Genshin Impact ya amince ya biya dala miliyan 20 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da ɓoye wa yara ainihin kuɗin da suke kashewa.

Gem ɗin da ake biya sau ɗaya a mallake shi ya fi sauƙin lissafi. A Play Store akwai irinsu, kamar tsofaffin Final Fantasy da Dragon Quest da Baldur's Gate na farko, kuma ba su da nauyi kamar sababbi.

5. Me ke cikinsa?

Kowane gem yana da alamar shekaru. The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 duk na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, saboda zubar da jini da tsiraici. A gidan da ƙanne suke karɓar waya da zarar an ajiye, wannan abin dubawa ne. Haka lokaci: labarin The Witcher 3 kaɗai yana cin awa 50 ko fiye. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB ya san abin da awa 50 take nufi.

Mai son labarin da ya fi kusa da gida zai iya duba Aurion, na kamfanin Kiro'o Games na Kamaru, wanda ya fito a 2016 don kwamfuta, aka gina shi kan al'adun Afirka.

Idan an saya aka yi nadama

Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga gem ɗin ya kai awa 2 ba. A Play Store ana iya neman a mayar cikin awa 48, kodayake ba kowane lokaci ake amincewa ba. Saboda haka ranar da aka saya a gwada shi nan take, a ga ko yana tafiya daidai. Wanda ya saya a hannun wani mai sayar da asusu a Facebook ko Telegram ba shi da wannan kariyar ko kaɗan, kuma mai asusun yana iya canja kalmar sirri gobe.

Wanda ya amsa tambayoyin nan biyar ya ga babu matsala, ya saya. Wanda ɗaya ta tsayar da shi, ya dakata. Steam yana yin babban rangwame a watan Yuni da Disamba, kuma tsofaffin gem irin The Witcher 3 sukan faɗo ƙasa da rabin farashinsu. Gem ɗin da ya yi shekara goma a kasuwa ba zai gudu ba kafin a sayar da amfanin gona.