Wasiƙa ga Matasan Rafin Guza Masu Ɗaga Ƙarfe

Wannan wasiƙa ta nufi samarin da ke haɗuwa da sanyin safiya a bayan gidaje da kangwaye, suna ɗaga sandar ƙarfe da aka cusa bakinta biyu cikin gwangwanayen da aka cika da siminti, har tafin hannunsu ya yi kanta.

Abin da suke yi wasa ne mai ƙa'ida a duniya, kuma ɗagawarsa iri biyu ce: ta farko ita ce fizge, wato a ɗauke ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a motsi guda, ta biyu kuwa a fara ɗora shi a kan kafaɗu sannan a cilla shi sama a miƙe hannuwa. Kowane ɗan wasa yana da gwaji uku a kowace, sai a haɗa mafi nauyin biyun, jimillar ita ce makinsa.

A gasar Olamfik ta Beijin, a 2008, a ajin matan da suka haura kilo 75, Ele Opeloge ta Samowa, tsibiran da ke tekun Fasifik waɗanda mutanensu ba su kai na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa ba, ta ɗaga kilo 269 ta zo ta huɗu, kilo ɗaya tak ya raba ta da lambar tagulla. A bayanta akwai Mariam Usman, haifaffiyar Kaduna, mai shekara 17, da kilo 265. Dukansu biyu sun koma gida hannu rabbana. Sai dai hukumomin wasa suna adana fitsarin da aka karɓa daga 'yan wasa na tsawon shekaru, kuma da aka sake gwada shi a 2016 da na'urori masu kaifi, aka gano haramtattun ƙwayoyin ƙara ƙarfi a jikin 'yar Yukiren da ta zo ta biyu da 'yar Kazakistan da ta zo ta uku. Aka ƙwace lambobinsu, azurfa ta koma hannun Opeloge, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarta, tagulla kuma ta zama ta Mariam. Abin takaicin shi ne an hana su tsayawa a dandamali ranar da suka cancanta, kuma babu mai iya mayar musu da wannan ranar. Duk da haka, bayan Beijin ba su ajiye ƙarfe ba: a wasannin ƙasashe renon Ingila, Opeloge ta ci zinariya a Delhi a 2010 Mariam na biye, a Gilasgo a 2014 kuma suka yi musayar matsayi.

A Gilasgon ne aka ƙwace zinariyar wata 'yar Najeriya mai shekara 16, saboda maganin sa fitsari, wanda aka haramta domin yana rage nauyin jiki kafin awo, yana kuma ɓoye wasu ƙwayoyin. Wannan ya fi kusa da matashin Rafin Guza fiye da yadda yake zato, domin tiramol da ake haɗiya don kashe gajiya ya shiga jerin abubuwan da aka hana a lokacin gasa tun daga Janairun 2024, ban da farfaɗiya da jarabar da yake jawowa. Allurar kumbura damtse kuwa tana taɓa hanta da zuciya, tana kuma iya rage ƙarfin haihuwa.

Saboda haka ya kamata matashi ya nemi mai horarwa da ya san aikin kafin ya ƙara nauyi, ya koyi tsugunno da miƙe baya da sanda mara kaya, wadda a gasa kilo 20 ce ga maza, 15 ga mata. Ya riƙe wake da ƙwai da gyaɗa da isasshen barci, kuma duk ƙwayar da aboki ko mai kemis ya miƙo masa, ya nuna wa likita sunanta kafin ta shiga bakinsa.