Kankana ta halatta wa kare, tsamiya da zabibi kuwa guba ne

Da zarar bazara ta kama, tambayar da masu karnuka suka fi yi mini a asibitin dabbobi ita ce: "Likita, zan iya ba shi kankana?" Amsar ita ce e, kuma ina jin daɗin tambayar, domin tana nuna mai gida ya lura cewa karen da ke kwana yana gadinsa shi ma yana jin ƙishirwa da zafi. Kare ba ya gumi ta fatar jiki kamar mu, da haki yake sauke zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato kan haura digiri 40, yankan kankana mai sanyi yana yi masa amfani, tunda fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Kuma kare yana jin ɗanɗanon zaƙi, saɓanin kyanwa, shi ya sa yake karɓar kayan marmari da murna.

Sai dai kafin in faɗi yadda ake haɗa masa irin wannan ɗan abin motsa baki a gida, dole in fara da abin da ke kashe shi, domin mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ɗan Adam ya ci ya ƙoshi, kare ma zai ci lafiya. Ba haka ba ne.

Inabi, ɗanye ko busasshe wanda muke kira zabibi, yana lalata ƙodar kare. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin haka ba tare da gano dalili ba, har shekarar 2021 da likitocin cibiyar kula da gubar dabbobi ta ƙungiyar ASPCA a Amurka suka nuna cewa abin zargi shi ne wani sinadari mai tsami, tataric asid. Abin da ya sa wannan bayani ya shafe mu kai tsaye shi ne tsamiya tana cike da wannan sinadari, ita ma an samu karnukan da ta lalata wa ƙoda. Inabi ba kowane gida yake shiga ba, amma wane gidan Bahaushe ne babu tsamiya? Da azumi musamman, ana dama kunun tsamiya, a zubar da ragowar da aka jiƙa aka tace a bayan madafi, daidai inda kare ke shawagi.

Na taɓa karɓar wani karen gadi da aka kawo yana amai, ya ƙi abinci, fitsarinsa ya ragu ƙwarai. Mai shi ya rantse cewa maƙwabta ne suka sa masa guba. Da muka bi diddigi, sai wani yaron gidan ya ce ya ga karen yana cin jiƙaƙƙiyar tsamiyar da aka zubar. Ya rayu bayan an daɗe ana yi masa ƙarin ruwa, amma ba kowane kare ke tsallake wannan ba. Muguntar abin ita ce ba a iya cewa ga adadin da ba ya cutarwa. Wani kare zai ci ya tashi garau, wani kuma 'yan ƙwayoyin zabibi a cikin kek ɗin biki su kwantar da shi. Shi ya sa hukuncina a nan ba shi da sassauci: ko ɗaya kada a ba shi.

Goro ma haka. Yana ɗauke da kafin da tiyoburomin, irin sinadaran da suka sa cakulan ya zama guba ga kare. Suna sa zuciyarsa bugawa da sauri, jiki ya yi ta rawa, wani lokaci har farfaɗiya. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Sai zailitol, abin zaƙin da ake sa wa cingam da wasu kayan da aka rubuta "babu sukari" a jikinsu, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci, ya kuma iya taɓa hanta.

Akwai kuma haɗarin ƙwallo. Mangwaro kansa ba shi da laifi, amma kare ba ya tsotsar ƙwallo ya yar, haɗiyewa yake yi, ƙwallon ya je ya toshe hanji, sai an yi tiyata. A kula da ƙwallon piya da na dabino da na giginya. A cire 'ya'yan tuffa da na gwanda da na kankana, a kuma hana shi ɓawon kankana, domin ba ya narkewa da kyau.

To, me ya rage? Da yawa: kankana, ayaba, gwanda, naman mangwaro, tuffa, abarba kaɗan, sai dafaffiyar kabewa da dafaffen dankalin Hausa da karas.

Mafi sauƙi shi ne ƙanƙarar kankana. A fere ta, a tsince 'ya'yan, a markaɗa ko a dama da cokali, a zuba a ƙananan kofuna a sa a firji. Wanda ke so zai iya ƙara cokali ɗaya na kindirmo marar sukari, amma in ya ga zawo ya daina, don karnuka da yawa ba sa jure madara. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa yankakkiyar kankanar a kwano mai murfi a ajiye gindin randa, sanyin ya isa.

Wanda na fi ba masu horar da kare shawara shi ne biskit ɗin ayaba. A murƙushe nunanniyar ayaba ɗaya, a fasa ƙwai ɗaya, a zuba garin gero ko na dawa wajen kofi ɗaya, a kwaɓa ya yi tauri. A yanka ƙanana kamar kan yatsa, a gasa a oben kimanin minti 20, ko a kasko bisa wuta kaɗan har ya bushe. Ba sukari, ba gishiri, ba magi, ba yaji, ba mai. Na san hannun mai girki yana ƙaiƙayi ya ɗan barbaɗa wani abu, amma kare ba ya buƙata. Tunda babu sinadarin hana lalacewa, a yi kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana uku ko huɗu, kuma duk wanda ya yi fumfuna a zubar. A kan fumfunar nan ne nake jan kunnen masu son ƙara gyaɗa: gyaɗar da ta lalace tana ɗauke da gubar afilatoksin, hantar kare kuwa ba ta jure ta. In za a sa, a tsince mai kyau, a soya ba gishiri. Ƙuli-ƙulin kasuwa mai yaji ba nasa ba ne.

Da hunturu ana iya yanka ayaba ko dankalin Hausa siri-siri a shanya a rana ƙarƙashin raga saboda ƙuda. A tuna dai busasshen abu zaƙinsa ya taru wuri ɗaya, don haka a rage yawan da ake bayarwa.

Batun yawa shi ne inda masu ƙaunar karnukansu suka fi zamewa. Ƙa'idar da muke bi ita ce duk abin marmarin da kare zai ci a yini kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa. Babban kare rabin ayaba ya ishe shi, ƙarami yanka biyu ko uku. Sabon abu a fara da kaɗan, a duba kashinsa washegari. Karen da ya yi ƙiba ko mai ciwon sukari, sai an tambayi likita. Kuma kayan marmari ba sa maye gurbin nama da kifi da ƙwai da jikinsa ke buƙata; lada ne da ake miƙa masa nan take idan ya bi umarni, don ya haɗa aikin da sakamakon.

Idan kare ya riga ya ci zabibi, tsamiya, goro ko cakulan, kada a jira a ga alama, domin in zabibi ne ko tsamiya, kafin fitsari ya ɗauke ƙoda ta riga ta taɓu. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri kamar yadda aka saba. Manja ba ya karya wannan guba, yana iya shiga huhu, gishiri mai yawa kuma shi kansa guba ne. A cikin awa biyun farko likita zai iya sa shi amai ya fitar da mafi yawan abin da ya haɗiya. Don Allah ku sanar da yara da mai gadi da masu girki abin da ba a ba kare, ku kuma ajiye lambar likitan dabbobi mafi kusa da ku a waya tun kafin buƙata ta taso.