Fok Ɗin Keken Hawan Duwatsu da Gwiwar Ɗan Adam

Idan mutum ya diro daga kan katanga, gwiwarsa kan lanƙwashe: jijiya ta karɓi ƙarfin faɗuwar, tsoka kuma ta kashe shi sannu a hankali. Haka fok mai shokazoba ke aiki, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Kamfanin RockShox na Amurka ya fito da irinsa a 1989.

Sifirin ne ke karɓar bugu, sannan ruwan mai da ke kurɗawa ta ƙananan kafofi ya mayar da ƙarfin bugun zafi. Fok mai arha na keken ɗan koyo sau da yawa sifirin ne zalla. Saboda haka yakan yi ta tsalle, hannu ya gaji, taya ta rabu da ƙasa.

Mai son canja shi ya lura da abu uku: girman taya, inci 26, 27.5 ko 29. Kaurin bututun da ke shiga wuyan keke. Da zurfin nitsewa. In tsohon na nitsewa milimita 100, kada sabon ya wuce 120, domin doguwar ƙafa kan takura wuyan keke har ya tsage.

Ɗalibai, wane ɓangaren fok ne ke yin aikin tsoka?