Zuwa ga ɗana, kafin ka kama hanyar Baga

Yau kwana tara da zuwanka fas, sau biyu kacal na sa ka a ido: ranar da ka iso, da ranar da ka gifta ƙofar zaurena a kan babur cikin fararen kayan aiki, yara na bin ka da gudu. Aka ce bakin dam ɗin Wasai ka nufa a ɗauke ka hoto. To, madalla. Tunda zama ya gagare ka, na ce bari in rubuta, in kuma bayar a buga, don ba kai kaɗai ne ɗan ƙasar Kano da ke sojan ruwa ba. Magana uku gare ni.

Ta farko, ka faɗa wa mahaifiyarka inda aka tura ka. Jiya ta aiko mini da fura, ƙanwarka da ta kawo take cewa wai Yaya zai koma kwas Fatakwal. Wane kwas? Makarantar Onne ka gama da ita tuntuni, kuma da bakinka ka ce mini sigina ta fito, Baga za ka. Na san kana gudun tayar mata da hankali ne. Ni ma na taɓa yin wannan dabarar.

A watan Agusta na 1990, da aka haɗa rundunar ECOMOG za a tafi Laberiya, ina cikin ma'aikatan ɗaya daga jiragen ruwan da suka kwashi sojoji zuwa Monrobiya. Kafin mu tashi na samu kwana uku na zo Minjibir. Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai. Na tarar da Inna, kakarka, a bakin murhu tana tsinkar zogale. Ta ce, "Yanzu kuma ina za a kai ku?" Na ce Legas ce, kwas na wata biyu. Ta daɗe tana dubana. Can ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini naira biyar da ƙullin yaji. Ko durƙusawa ban yi na nemi gafara ba, wai don kada ta gane.

Ashe ta gane. Marigayi babanka, yana saurayi a lokacin, ya ce tun daga ranar, in aka fara labarai a sashen Hausa na BBC sai ta ajiye tankaɗe ta matso kusa da rediyo. Sunan Charles Taylor ma sai da ta iya shi. Ranar da aka ce an kama Samuel Doe a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, cikin watan Satumba, ba ta ci tuwo ba. Da kaka zazzaɓi ya kwantar da ita. Wasiƙar rasuwarta ta same ni bayan an yi sadakar arba'in. Saƙon da ta bar mini guda ne: ta yafe mini, amma da na faɗa mata gaskiya, da ta san inda za ta riƙa nufa da addu'a. Naira biyar ɗin nan har yau tana cikin akwatina, ta daina aiki tun tuni, na kasa yar da ita.

Kuma wa za ka ɓoye wa Baga? Tsohuwar da ta sha jefa bandar Baga a miya ta san sunan garin, ta kuma ji abin da Boko Haram suka yi can a Janairun 2015, da yadda aka sake afka wa sansanonin soja a Disambar 2018. A 2021, zamanin Awwal Zubairu Gambo yana hafsan sojan ruwa, da aka ce za a kafa musu sansani a Kano, mutane suka yi ta dariya, wai ina tekun? Ga shi makarantar sojan ruwa na nan a Dawakin Tofa, ga ka kuma za ka inda babu teku sai tafki mai ciyawa da tsibirai da sauro, cikin ƙananan jirage. Ni amai da jiri na yi fama da su. Kai naka daban ne. Ka tafi da gidan sauro, ka tambayi malam hukuncin ƙasaru tun kana gida.

Ta biyu, takarda da biro. Iyalinka na da cikin wata bakwai. Wa ka bar wa kuɗin asibiti da na ragon suna? Ta san lambar katin bankinka? Takardar magaji da ka cike kana gwauro, sunan wa ke ciki har yanzu? Ga gonar babanku ta hanyar Kunya da ka jinginar bara don sayen wannan babur, ba shaida, ba rubutu. A ƙasar nan da kowane taku yake da mai shi, inda ake shari'a a kan layin gamba guda, kai ka ba da gona da fatar baki! Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma ku yaran yanzu kuna ganin wanda ya yi wasiyya mutuwa yake kira. Ga ku da waya a hannu dare da rana, a wajen mai shayi kuna nuna wa duniya lambar kafaɗarku da ranar tafiyarku, abin da a zamaninmu ko matarka ba ta ji sai a ɗaki. Wanda za ka je yaƙa shi ma yana da waya, in ba ka sani ba.

Ta ukun ba ta rubutuwa. Gobe bayan La'asar ina zaure, na kuma aika wa mutumin da ke riƙe da gonar da mai unguwa su zo. Ka taho da biro. Amma kafin ka iso nan, ka fara shiga ɗakin mahaifiyarka, ka cire takalmin nan, ka zauna a ƙasa.

Naka,
Baffanka