Darasi: Mai Shan Ƙwaya, Kaso Ko Magani?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ƙwayar tramol ta shiga ƙasar Imanan da Kurfai, tun daga Bonkuku har Filinge. Wani yana fara shanta don ya jure aikin garkar dankali, wani ya koyo ta wurin cin rani, daga baya ya kasa rabuwa da ita.

Hukunci a fili yake: duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, sai wanda likita ya rubuta don lalura. Amma mu lura, haramcin giya daki-daki ya sauka: Baƙara aya ta 219, Nisa'i aya ta 43, sannan Ma'ida aya ta 90. Kuma Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa horo saboda giya. Da wani ya la'ance shi sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

A Nijar, dokar yaƙi da ƙwaya ta 1999 ta tanadi horo ga mai fatauci da mai sha. Ƙasar Fotugal kuwa tun 2001 ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin shansa. Kwamiti ake tura shi, a duba ko yana bukatar magani, mai fatauci kuma yana nan a hannun alƙali. A 2014 kwamitin Afirka ta Yamma da Obasanjo ya shugabanta ya ba da irin wannan shawara, a shekarar ce kuma Senegal ta buɗe cibiyar warkar da masu shaye-shaye a Dakar.

Abin fahimta shi ne, sassaucin hukuma ba ya halatta abin da Allah Ya haramta, kaso kaɗai kuma ba ya raba jiki da ƙwayar da ya saba da ita. Mai sayarwa a kai ƙararsa. Wanda ta kama kuwa majinyaci ne: mu raka shi likita ta Filinge, in an tura shi Yamai dangi da jama'ar masallaci su haɗa kuɗin mota. Kada a ɗaure shi da mari, kada a kore shi daga sahu. In ya koma, a sake jawo shi, domin ƙofar tuba ba ta rufe ba.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, amin.