Kafin ka dasa fayin, ka duba saiwarsa

Mai karatu, idan ka ga gandun fayin na Afaka kusa da Kaduna, ko na tsaunukan Jos da Mambila, ka yi sha'awar dasa naka, dakata tukuna.

Wannan bishiya, fayin na Karebiyan, asalinta ƙasashen Honduras da Beliz da Kyuba ne. Tana saurin girma, tana miƙewa sambal, ana samun katako da takarda da ƙaro daga gare ta. Amma da yawa sukan sayi iri su zuba a ƙasar gona, dashen ya tsiro, ya yi rawaya, ya tsumbure, sai su ɗora wa taki laifi. Ba taki ba ne. Saiwar fayin ba ta iya jan abinci sosai sai da wani naman gwari da ke manne mata, kuma ƙasarmu galibi ba ta da shi.

Don haka ka ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fayin, ka gauraya da wadda za ka cika ledar rainon iri da ita. In kuwa dashe za ka saya, zare ɗaya ka duba: farin zare-zare a saiwa alama ce mai kyau.

Dasa bayan damina ta kankama, tazarar kamar mita 3. Inda ruwan sama bai kai milimita 1,000 a shekara ba, kamar Katsina, gara ka dasa darbejiya.

Sai wuta. Busasshen ganyen fayin kamar fetur yake, saboda haka ka share kewayen gandun kafin hunturu, musamman a shekarun farko.