Darasin Lafiya: Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne

 Darasinmu na wannan Juma'a a kan tumbi ne: mene ne shi, me ke kawo shi, kuma ta wace hanya ake rage shi.

A al'adarmu, idan mutum ya zo Kurmi ya yi 'yan shekaru, ya koma gida sallah da ciki a gaba, sai ka ji ana cewa, "Kai, Alhaji ya samu, Legas ta karɓe shi." Likita kuwa da ya ga wannan cikin, abin da zai fara nema shi ne ma'aunin hawan jini da na sukari. Mafi yawanmu a nan akwai bakuna da yawa da ke ci daga guminmu, wasu a Agege ko Idi-Araba, wasu can gida Arewa. Ranar da mai nema ya kwanta, ba shi kaɗai ya kwanta ba. Shi ya sa maganar ta cancanci wannan shafi.

Kitsen ciki iri biyu ne

Akwai kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda kake iya damƙa da hannu. Akwai kuma na can ciki, wanda ke naɗe hanji da hanta. 'Yan'uwanmu mahauta na mayankar Oko-Oba sun fi kowa sanin wannan, domin kullum suna ganin farin kitsen da ke lulluɓe kayan cikin sa. To, irinsa ne ke taruwa a cikin ɗan'adam, kuma shi ne ke tura ciki gaba ya yi tauri kamar ganga.

Na biyun ne mai haɗari. Jinin da ke fitowa daga wajen hanji, hanta yake fara shiga, don haka maiƙon da wannan kitse ke saki kai tsaye hanta yake nufa. A hankali hanta ta tara kitse, jiki ya daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Daga nan ne ƙofar ciwon sukari ke buɗewa, hawan jini ya biyo baya, sai ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abin farin ciki shi ne, wannan kitse na ciki yana saurin amsawa idan aka gyara ci aka motsa jiki. Ba sai mutum ya rame ya zama tsinke ba. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da nufin su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 90, kashi 7 ɗinsa bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba.

Auna kanka da igiya

Sikeli ba ya faɗa maka inda kitse ya zauna. Akwai siririn mutum mai tumbi, shi ma bai tsira ba. Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Samo igiya, ka yanke ta daidai tsawonka daga ƙafa zuwa tsakar ka. Ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wato ɗan sama da cibiya kaɗan. Kada ka shanye ciki, ka fitar da numfashi yadda ka saba. Idan bakin igiyar biyu suka haɗu, alhamdu lillahi. Idan suka ƙi haɗuwa, akwai aiki a gabanka. Ƙa'idar ita ce, faɗin ciki kada ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85.

Mai tef ɗin tela a gida kuma, ga lambobin da likitoci ke amfani da su. Namiji: haɗari na farawa daga santimita 94, wato inci 37, ya yi tsanani daga 102, wato inci 40. Mace: daga santimita 80, ya yi tsanani daga 88. Kada a dogara da lambar wando, don mai tumbi a ƙarƙashin cikin yake ɗaure wandonsa. Babbar riga kuwa ta iya rufa asiri.

Me ya sa yake kama mu a nan?

A gida, wanda ya ci tuwo malmala uku da dare, da asuba gona ce ke jiransa, ko kiwo, ko tafiyar kasuwar ƙauye. Mace ta yi daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa. A nan fa? Ɗan canji yana kan benci tun safe har magariba. Mai shago yana kan kujera, yaro ne ke ɗauko kaya. Dillalin tumatir a Mile 12 da ya fara da dako, yau sai dai ya nuna da baki. Daga gida a hau Keke ko danfo, a zauna awa biyu cikin gosulo. Cin bai ragu ba, ya ma ƙaru tunda aljihu ya yi nauyi, aikin ƙarfin ne ya tafi. Abin da ya shiga ciki jiki bai ƙone shi ba, ajiye shi yake yi. Lissafin duk ɗan kasuwa ya san shi: kayan da ke shigowa sun fi masu fita, dole sito ya cika.

Mataki na farko: abin sha

A fara da nan, don nan ne riba ta fi sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in an iya tsayawa a 6 ya fi. Robar lemon kwalba ta santilita 50 ita kaɗai tana ɗauke da kusan wannan giram 50 ɗin. Maltina da 'yan'uwanta su ma ba a bar su a baya ba, haka lemon kwali da ake ba yara.

Yanzu mu yi lissafi. Shayin safe a teburin mai shayi, cokali uku, ga madara ga Milo. Da hantsi baƙo ya zo, a sake. Da dare ataya. An kai cokali tara ko goma. Da rana a kora abinci da lemo mai sanyi, an haura ashirin, ba a ma zo kan kunun aya da zoɓo da fura da aka zuba wa sukari ba. Kuma abin sha ba ya ƙosarwa, ka sha shi ka ci abincinka cif.

Abin yi: ruwa ya zama abin korawa. Shayi a rage cokali ɗaya duk mako har harshe ya saba. Hajiya, in za a dama kunu ko a haɗa zoɓo, a ƙara citta da kanumfari, a ajiye sukari a gefe. Zuma ma a jiki sukari ce, kada a ce tunda zuma ce a kwarara.

Mataki na biyu: kwano

Ba a ce a bar tuwo ba. Yawansa da abin da ke raka shi ake dubawa. Raba farantinka gida huɗu: gida biyu ganye da kayan lambu, gida ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya, gida ɗaya wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse. Mai malmala uku ya koma biyu, mai biyu ya koma ɗaya da rabi, a cike gurbin da miya. Teba da sakwara da amala duk hukuncinsu ɗaya da tuwo, kuma dai teba in ta yi yawa teɓa take haifarwa.

Abincinmu na gado yana da abin da ake nema. Tuwon dawa da na gero da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da burodi riƙe ciki. Ga fate, ga dambu da zogale, ga kwaɗon rama, ga alala, ga miyar kuka da kuɓewa. A kasuwannin nan ma ganye ba ya yankewa: ugu, alayyafo, da ewedu wanda mu muke kira lalo. In yunwa ta taso tsakanin abinci, yalo ko gurji ko gwanda ko 'yar gyaɗa cikin tafin hannu sun fi cincin da biskit.

Sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120, abin da sai ka yi tafiyar sauri ta kusan rabin awa kafin ka ƙone shi. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Ƙosai, soyayyar doya, fanke, da indomi da ƙwai na tsakar dare su zama na jefi-jefi. Mai sayen tsire ya ce a cire masa kitse. Gishiri da dunƙule ba su ke sa tumbi ba, amma suna hura wutar hawan jini, kuma gishirin yini duka bai kamata ya kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba, wato giram 5.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito kuma ya koya mana kasa ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Masu azumin Litinin da Alhamis, azumi na taimakawa, sai dai idan aka rama da buɗa-baki abin da aka bari da rana, ladan na nan in sha Allah, tumbin ma na nan.

Mataki na uku: ƙafa

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako: minti 30 sau biyar. Tafiyar da ake nufi ita ce wadda za ka ji numfashinka ya ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya jan dogon karatu. Ba dole sai a haɗe ba, minti goma sau uku ma ya yi.

Lokaci mafi sauƙi a garin nan shi ne bayan sallar asuba, kafin rana da hayaƙin motoci. Mutum uku ko huɗu daga sahu ɗaya su yi alkawari su zagaya unguwa tare, don tafiyar haɗin gwiwa ta fi ɗorewa. Masallacin da ƙafa za ta kai, kada a hau babur. A sauka tasha ɗaya kafin kasuwa a ƙarasa a ƙasa. A hau gadar masu tafiya a ƙasa maimakon tsallaka titi. Mai zaman shago ya miƙe duk bayan awa ɗaya, ko kaya ne ya gyara da kansa. Tafiyar minti goma bayan cin abinci tana taimakawa wajen saukar da sukarin jini.

Sau biyu a mako a ƙara da aikin ƙarfi: tsugunawa da miƙewa sau goma, a huta, a sake, tura bango da hannu biyu, ɗaga galan ɗin ruwa. Tsoka ce babbar mai cin sukari a jiki.

Iyayenmu mata, wannan har da ku. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Ɗaki ɗaya ma ya isa a yi tattaki a tsaye da tsugunawa, sannan a tafi Islamiyya a ƙafa tare da maƙwabta. Maigida, ka ba da dama, ka kuma ba da ƙarfin gwiwa. Mai jego ta bari sai an duba ta a asibiti bayan mako shida kafin ta fara motsa jiki mai ƙarfi.

A kula da barci kuma. Babba na buƙatar awa bakwai, kuma ƙarancin barci na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Masu gadi da masu sauke kaya da dare su nemi ramuwa da rana.

Hanyoyin da ba sa ɓullewa

Kwanciya ana tashi zaune sau ɗari yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya narkar da kitsen wurin shi kaɗai. Jiki daga ko'ina yake ɗibar kitse. Ɗamarar matse ciki ɓoye shi take yi, zufar da take jawowa ruwa ne, da ka sha ya dawo. Ruwan zafi da lemon tsami ba ya narka kitse. Shayin rage ƙiba da ake talla a mota da waya, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa. An sha gano wasu da aka cakuɗa da sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC a nisance shi. Haka ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba: masu ɗauke da deksametazon fuska da ciki suke kumburawa, su jawo sukari da hawan jini.

Ragin da ke ɗorewa shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba kowane babban ciki ne tumbi ba

Idan ciki ya taso cikin 'yan makonni, ko yana girma alhali hannu da fuska na ramewa, ko ga kumburin ƙafa, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, wannan na iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda. Mace mai ƙullutu a mara da yawan zubar jini ita ma a duba mahaifarta. Waɗannan asibiti suke so, ba tattaki ba. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, su shawarci likita kafin su sauya ci ko su ƙara azumi. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Aikin wannan mako

1. Yau da dare kowane magidanci da uwargida su yi gwajin igiya, a ɗaura ƙulli a inda ta tsaya, a adana ta.
2. A bar lemon kwalba daga nan zuwa Juma'a mai zuwa, a rage cokali ɗaya a shayi.
3. Tafiyar minti 30, kwana biyar.
4. Wanda ya haura shekara 40, ko igiyarsa ta ƙi haɗuwa, ya je a auna masa jini da sukari.

Bayan wata ɗaya a sake ɗauko igiyar a gwada.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a nemanmu. Amin. Juma'a mai albarka.